Moro Mai Feshi da Kujerar Alhaji Mukhtari

A unguwarsu babu mai miƙa wa Moro hannu da zuciya ɗaya. Ana gaisawa da shi, ba a ce ba a yi ba, amma irin gaisuwar da mutum zai ba ka kan yatsu uku ya janye, sannan ya faki idonka ya goge a bayan riga. Moro yana gani. Shekara ashirin da biyu ke nan yana goye da tankin feshi, yana bin gidajen Zongon Kumasi yana kashe musu kuɗin cizo da kyankyaso, kuma warin maganin ya riga ya zauna masa a fata. Ko ranar Juma'a, bayan ya dirje jikinsa da sabulu ya zuba turare, in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya fara gyara tsayuwa.

Shi ma ɗin bai ga abin sha'awa a jikinsu ba. Ya ɗaga katifun unguwar nan kusan duka. Ya san hajiyar da ke shiga biki da leshi mai tsayuwa da kansa, alhali ƙarƙashin gadonta akwai kwanon tuwon da ya yi gashi. Ya san malamin da ke wa'azin tsabta, wanda matashin kansa ya yi baƙi ya yi santsi kamar bayan tukunya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana dai haɗiye abinsa, kuma in an kawo masa ruwa a gidan da yake aiki, yakan ce yana azumi.

Sunansa na yanka Umaru. An haife shi a wani gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu da banɗaki ɗaya, a bakin babbar kwata. Ubansa ɗan arewa ne, lebura, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar buhunan albasa a kasuwa. Moro ya yi yaron mota a trotro, motar hayar cikin gari, har ya kai shekara ashirin da biyar, muryarsa ta dishe da kiran Adum, Adum, sannan wata rana ya faɗo daga ƙofar mota ya karya ƙugu. Da ya warke, gudu ya gagare shi. A nan ne wani tsohon mai feshi, Munkaila, ya ɗauke shi aiki, don shi bayansa ya gaji da goyon tanki.

Munkaila yana da hanyar aikinsa, kuma ita ce ta ɗaga sunansa sama da sauran masu feshi. In ya gama fesa ɗaki, sai ya sa a rufe ƙofa da taga har bayan azahar. Sannan ya dawo da tsohon buroshin haƙori da farar takarda, ya bi ɗinkin katifa da tsagin katakon gado yana karkaɗowa. Kafin ka ce me, takardar ta cika da wasu ƙananan abubuwa masu launin ruwan zuma, kowanne da ƙafafunsa shida. Sai ya kira mai gida, ya miƙa masa takardar har kusa da hanci, ya ce ga gawarwakinsu nan, ƙirga in kana so. Mata su yi salati su ja da baya. Maza su gyaɗa kai su ce lallai maganin nan yana da ƙarfi.

Wata shida Moro yana karkaɗo gawarwakin nan kafin wani abu ya fara damunsa. Ba su da nauyi. Kuɗin cizo in ka murje shi, jini ne ke fita, da wani wari mai hawa kai irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Waɗannan kuwa in ka murje su sai su zama gari, in ka yi numfashi kusa da su sai su tashi.

Bai tambayi kowa ba. Ya kama wani ɗan ƙarami mai rai, wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya jefa shi cikin kwalbar magani da guntuwar takarda. Da rana tsaka, a kan benci bayan gidansu, ya kifa bakin kwalbar a damtsensa, ya kawar da kai yana tofar da yawu. Da ya waiwayo, abin ya kumbura ya yi jajir da jininsa. Ya ajiye kwalbar a kan taga yana leƙawa kullum. A kwana na shida ya tarar abin ya daina yawo, ya lafe jikin takardar yana wani irin motsi kamar mai yunƙurin amai. Sai bayansa ya tsage daga wajen wuya. Wani abu fari, jiƙaƙƙe, ya turo kai ta tsagin, ya yi ta murɗawa yana hutawa, yana zaro ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire matsattsen wando. Da ya gama fitowa, ya ja gefe ya tsaya, laushi tuɓus kamar ƙwayar dafaffiyar shinkafa. Tsohuwar fatar kuwa tana nan tsaye yadda take, da ƙafafunta, da gashin bakinta biyu, babu komai a ciki. Kafin rana ta faɗi sabon ya fara duhu ya taurare, kuma ya fi da girma.

Moro bai ci abinci ba ranar. Amma ya sake kifa kwalbar a damtsensa, ya kuma sakewa, don yana son ya ga ƙarshen abin. Sau biyar ƙwaron ya yi saɓa kafin ya zama babba, kuma bai taɓa yi ba sai ya sha jini tukuna. A hankali Moro ya gane yadda halittar take: fatarsu ita ce ƙashinsu, a waje take, ba ta miƙewa. In jiki ya cika ta, sai sabuwa ta tsiro a ƙarƙashi, ya fasa tsohuwar ya fito, ya kumbura kansa tun sabuwar tana da laushi don ya samu wurin girma. Daga baya ya ga kyankyaso ma haka yake yi. Farin kyankyason da mata ke gani a kicin su ruga wurin malam, wai an yi musu asiri, baƙin nan ne na kullum, bai daɗe da tuɓe riga ba.

Ke nan abin da suke tarawa a takarda ba gawa ba ne. Kowane ɓawo guda shaida ce an sha jinin wani an ƙoshi, an ƙara girma.

Ya kai wa Munkaila kwalbar, a zatonsa ya gano abin da tsohon bai sani ba. Munkaila ya yi dariya har ya ƙware da goro. Ya ce tun kafin a haifi Moro ya sani. Waɗanda maganin ke kashewa can cikin tsagin bango suke mutuwa, bayan kwana biyu ko uku, inda ido ba ya kaiwa. Ƙwai kuma maganin ba ya taɓa shi, sai an dawo bayan kwana goma an sake fesawa, kuma wa zai yarda ka sake fitar masa da kaya tsakar gida maƙwabta suna kallo?

"Mai gida so yake ya ga gawa yau, kafin ya ci tuwon dare," in ji shi. "To ka nuna masa. Shi ya ji daɗi, kai ka tafi gida."

Munkaila ya rasu bayan shekara huɗu, ya bar wa Moro tanki da buroshi. Moro ya ci gaba da nuna takarda. Da ita ya yi aure, da ita ya kama ɗaki biyu, da ita ya sa 'ya'yansa mata uku a makaranta. Matarsa Kausara, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ta kafa masa doka tun makon farko: kayan aiki a waje za su kwana, kuma da cokali zai ci abinci. Ita ma ta ɗauka gawa ce, har takan yi wa masu sayen koko alfahari da cewa maigidanta ba ya barin ko ɗaya da rai.

Haka ake tafiya har damanar da kuɗin cizo ya shiga masallacin layinsu.

Mutanen sahun gaba ne suka fara susa. Ana tahiya, za ka ga dattijo yana goga idon sawu da babban yatsa. Kwamitin masallaci ya zauna, kuma ba a daɗe ana neman mai laifi ba. Akwai wani tsoho, Baba Wahab, wanda ke share masallacin yana cika butoci, yana kwana a ɗan ɗakin ajiya da ke jikin bango. Shekara arba'in da zuwansa daga arewa, har an manta daga wane gari. Ba mata, ba ɗa, ba ɗan'uwa a Kumasi. Shugaban kwamiti, Alhaji Mukhtari, babban ɗan kasuwar atamfa wanda kakansa ya ba da filin masallacin, ya ce ƙazantar tsohon ce ta jawo, kuma bayan sallar Juma'a tsohon ya nemi wani wurin kwana. Kowa ya san wurin da zai samu bai wuce ƙarƙashin teburin kasuwa ba. Kowa kuma ya san ɗakin nan bayansa titi yake kallo, in aka fasa masa ƙofa ya zama shago, kuma surukin Alhaji ya daɗe yana neman inda zai sayar da wayoyi. Babu wanda ya faɗa.

Aka kira Moro ya duba ranar Laraba da hantsi. Ya shiga ɗakin yana numfashi ta baki. Ɗakin yana warin taba gari da tsohon gumi, ga gwangwanin da Baba ke tofa yawun goro a gefen katifa, ya kusa cika. Moro ya ɗaga katifar da kan takalminsa. Akwai su, amma kaɗan, kuma ƙanana ne duka, baƙin jiya-jiya. Sai ya juya ga kujerar da ke kusurwa.

Ya san kujerar. Ta Alhaji Mukhtari ce, mai laushi, mai jan ƙyalle da hannuwa biyu. Wata biyar da suka wuce gwiwa ta hana Alhaji sujada, aka kawo masa ita daga falonsa yana salla a zaune a sahun gaba, Baba Wahab kuma yana shigar da ita ɗaki tsakanin salloli don ƙura. Kafin a kawo ta, Moro ne ya fesa falon Alhaji. Sau ɗaya. Ya kuma nuna masa takarda.

Ya sa yatsa ya ɗan buɗa ɗinkin da ke ƙarƙashin hannun kujerar, ya leƙa, ya saki. Ya fito ya wanke hannu sau uku a famfon alwala, ya ƙudurta a ransa zai fesa ɗakin da darduma, ya fesa kujerar a ɓoye, ya ja bakinsa ya yi shiru. Tsohon ba ubansa ba ne.

Bayan la'asar kwamiti ya taru a harabar masallaci, mutum bakwai da liman. Alhaji ya sa aka fito da kayan Baba Wahab waje don kowa ya gani da idonsa: tabarma, katifa, akwatin ƙarfe, gwangwanin nan. Da aka zo fitar da kujerar, Rafi'u tela, wanda idonsa ba ya wuce ɗinki bai duba ba, ya ce baƙin ƙyallen da ke ƙasanta ya saki. Ya kifa ta, ya ja ƙyallen. Abin da ya zubo kan siminti kamar an zazzage kwanon dusa. Mutane suka yi tsalle baya suna kakkaɓe ƙafar wando.

Alhaji Mukhtari bai ko motsa ba. Dariya ya yi.

"Ku kwantar da hankalinku, wannan gawa ce," ya ce. "Moro ne ya fesa ta a gidana. Irin su ya tara min a takarda, na gani da idona. Moro, faɗa musu."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Babu ɗaya a cikinsu da bai taɓa ganin takardar Moro a ɗakinsa ba. Abin da ake jira kawai ya ce haka ne, a share wurin, a ɗaure wa tsoho kayansa.

Moro ya dubi Baba Wahab. Yana tsugune jikin bango, yana tauna goro da sauran haƙoransa, jan yawu na bin gefen bakinsa, yana ɓantarar kaushin ƙafa da farce kamar ba a kansa ake magana ba. Moro ya laluba cikin ransa ko zai ji tausayi, bai samu ba. Sai ya dubi Alhaji. Alhaji ko kallonsa ba ya yi. Ya riga ya juya yana yi wa liman maganar fenti, carbi na yawo a hannunsa, don ya san amsar da za ta fito, kamar yadda mutum ya san in ya murɗa famfo ruwa zai zo. Daga baya Moro yakan ce tsoron Allah ne ya kama shi a lokacin. Wataƙila akwai shi a ciki. Amma abin da ya ji shi ne irin tashin zuciyar da ya ji ranar da ya fara kifa kwalba a damtsensa, kuma ƙeyar Alhaji ce ta taso da shi.

"Ba gawa ba ce, Alhaji," ya ce. "Riga ce. Masu rigar suna ciki, suna jiran ka zauna."

Ya durƙusa ya zaro farar takarda daga aljihu. Ya tsinci ɓawo ɗaya ya ɗaga wa liman a hasken rana, ya nuna masa tsagin da ke baya, inda mai shi ya fita. Ya hura, abin ya tashi. Sannan ya jera su a takarda, daga mai kamar ƙwayar gero har zuwa mai kusan girman ƙwayar kankana, girma biyar, wasu sun yi toka-toka don daɗewa. Ya ce a katifar Baba ƙanana kawai za a samu, ba su fi mako uku ba. A kujerar nan kuwa kaka da jika duk sun tuɓe. Yana cikin magana ya zura buroshi cikin ɗinkin, ya karkaɗo wani fari, mai laushi, wanda ko awa biyu bai yi da fitowa ba. Abin ya faɗo kan takarda ya fara jan jiki a hankali. Rafi'u ya juya ya tofar da yawu a kwata.

Liman ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗago.

"To waɗanda ka nuna min a ɗakin iyalina bara fa, Malam Moro?"

"Su ma, Malam."

"Da na gidana?" in ji Rafi'u.

"Har da naka. Kai naka ma sun fi yawa."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Alhaji ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwarsa, ya ce mutumin da ya shekara ashirin yana yi musu ƙarya a cikin ɗakunansu, yau kuma shi za a ɗauka shaida? Liman ya ce shi bai ɗauki Moro shaida ba, kuma ba ya jin zai sake ɗauka. Amma wancan farin da ke tafiya a kan takarda, daga kujera ya fito, kuma gawa ba ta tafiya. Ya ce a mayar wa Baba kayansa ɗaki.

Aka ja kujerar bayan masallaci aka zuba mata kananzir. Soso da ƙyalle suka yi ta hayaƙi baƙi har magariba, warin ya shiga kowane gida a layin, kuma labarin ya riga warin isa. Alhaji ya koma salla a wani masallaci can wajen Buokrom, a mota ake kai shi.

Kausara ta ji a bakin kaskonta. Wata mata ta miƙo kwano ta ce a zuba mata ƙosai, amma na gaske, ba rigarsa ba. Ta dawo gida ba ta sayar da rabin kokon ba. Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mata rai ba, ta faɗa masa a fili: ƙaryar da ya riƙe shekara ashirin, me ya hana shi riƙe ta minti ɗaya? Kwana tara ba ta zuba masa abinci da hannunta ba.

A layinsu babu wanda ya sake kiransa. Suka koma kiran wasu samari masu injin hayaƙi, waɗanda ba sa nuna komai, kuma ba sa dawowa. Yanzu Moro yakan goya tankinsa ya hau trotro zuwa Atonsu, cikin Tonawa, 'yan asalin ƙasar, inda ba a san shi ba, ƙugunsa na ciwo duk lokacin da mota ta faɗa rami.

Ɗakin Baba Wahab kuwa liman ya ce shi zai fesa, tun da shi ya jawo. Ya fesa, ya kuma dawo bayan kwana goma saboda ƙwai. A zuwa na biyu ya tarar da tsohon zaune a kan tabarma, fuska a murtuke. Moro ya gaishe shi, ya ɗan tsaya ko zai ji wata kalma. Baba ya tofa a gwangwani, ya ce tun da aka ƙone kujerar nan bayansa bai bar ciwo ba. Wata biyar a cikinta yake barci, daga azahar zuwa la'asar, da dare ma haka, bai taɓa samun wurin kwana mai daɗinta ba tun da ya zo Kumasi. Cizon kuwa, ya ce, in ka saba ba ka ji.

"Kai da shegen surutu," ya ce. "Wa ya aike ka?"

Moro ya tsaya da sandar feshi a hannu. Dama ya yi ta mamakin yadda Alhaji, mutumin da ke zama minti goma a kujerar, ya ciyar da wannan runduna. Ya dubi wuyan tsohon, ya ga tabon cizo jere-jere, sabo a kan tsoho, har cikin kunne.

"Tashi ka fita, Baba," ya ce. "Ka ɗauki gwangwaninka."